Sake Lale Ba Tare da Kin Yar da Kanki Ba

Akwai ranar da mace za ta wayi gari ta ji rayuwarta ta matse ta kamar rigar da ta yi mata kaɗan. Wata sai yara sun girma sun kama gabansu take jin haka, wata bayan mutuwar aure ko rasuwar miji, wata kuma aikin da ta shekara goma tana yi ne ya fice mata daga rai. Idan ke ce, 'yar'uwa, ba laifi ba ne ki so canji. Abin da nake jiye miki shi ne ki haɗa da tushenki ki tumɓuke, alhali rassa kawai ke neman sassabe.

Kafin komai, ki tabbatar ba jikinki ne ke kuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, kuma alamunsa su ne kasala, jiri da mutuwar jiki. Rashin isasshen barci, ciwon damuwa bayan haihuwa, da sauyin da ke zuwa lokacin ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, duk suna iya sa mace ta ji komai ya ishe ta. In kin yi mako biyu a jere babu abin da ke yi miki daɗi, likita za ki fara gani. Kada ki ajiye aiki saboda abin da gwajin jini zai iya bayyanawa.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne nauyi: ki gano mene ne ke, mene ne kuma sabo kawai. Idan aka tambayi mace abin da ta ɗauka da daraja, takan ce gaskiya, haƙuri, iyali. Kowa ma haka zai ce, don haka amsar ba za ta nuna miki hanya ba. Ki ɗauki takarda ki rubuta lokuta uku da kika yi wani abu kika kwanta zuciyarki wasai, ko da babu wanda ya yaba. Ki rubuta wasu uku da kika yi abin da ya tsaya miki a rai har kika kasa barci. Ki rubuta su dalla-dalla: wa ke wurin, me kika ce, me kika haɗiye. Sai ki duba abin da ke maimaita kansa. Wata za ta ga duk farin cikinta yana wurin da ta koya wa wani abu har ya gane. Wata za ta ga duk takaicinta yana wurin da aka sa ta yi shiru a kan rashin adalci. Wannan shi ne halin da ake cewa zanen dutse. Ki kuma tambayi mutum uku da suka san ki sama da shekara goma: "Wane abu ne in ya taso ni kike fara nema?" Sau da yawa abin da mace ta fi ƙwarewa a kai ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, don ba ya ba ta wahala.

Abin da ya fito daga takardar nan, wanda bai kamata ya wuce uku ba, shi ne ba ya shiga ciniki. Sauran duka, wato sana'a, sutura, tsarin yini, har waɗanda kike yawan zama da su, ana iya sauya su.

Dubi Vera Wang, mai tsara kayan amare a Amurka. Ta taso tana wasan zamiya a kan ƙanƙara, amma ba ta samu gurbi a tawagar Olamfik ta 1968 ba. Ta koma mujallar Vogue ta yi kusan shekara 17, sai a 1990, tana da kimanin shekara 40, ta buɗe shagonta. Daga baya har kayan gasa ta riƙa tsara wa 'yan wasan ƙanƙara. Sana'a uku, amma babu wadda ta zubar da abin da ta koya a ta baya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsalle. Mace ta ga wata a Instagram ta burge ta, sai ta ɗauko rayuwar nan ɗungurungum ta yafa, ta manta kayan aro ba ya rufe katara. Ko kuma ta yanke cewa daga Litinin za ta fara karatu, motsa jiki, kasuwanci da tashin asuba gaba ɗaya. Kafin mako uku ta sare, ta kuma ɗora wa kanta laifin lalaci, alhali taura biyu ce ba ta taunuwa.

Gwaji ya fi. Mako yana da awa 168. In kin cire awa bakwai na barci kullum, saura 119. Ki yi kwana bakwai kina rubuta inda suke tafiya, har da wanda waya ke cinyewa. Ki zaƙulo awa biyar kacal a kowane mako ki ba abu ɗaya na tsawon kwana 90, kimanin awa 65 ke nan. Ki kuma yi shi a zahiri: in koyarwa ce, ki samu ɗalibi ɗaya, in sayarwa ce, ki sayar wa baƙuwa wadda ba za ta saya don kunya ba. Karanta bayani a intanet ba gwaji ba ne.

Ki ɗaura sabon aikin a jikin wani abu da kike yi kullum. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka sa wa lokaci da wuri ta fi cika. "Zan riƙa karatu" ba ya zuwa ko'ina. "Da zarar yara sun fita makaranta zan zauna a teburin nan na minti 40" shi ke tabbata. Kada kuma ki yarda da zancen da ake yi cewa kwana 21 sun isa sabon abu ya zama jiki. Binciken Phillippa Lally a Jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya gano cewa sabon ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba.

Maganar kuɗi gajera ce: kada ki ci bashi don gwaji, kada ki saki abin da ke hannunki sai kin tara abin da zai riƙe ki wata uku zuwa shida, kuma ki ware shi daga kuɗin gida.

Sai mutanen da ke kewaye da ke. Wanda abin zai taɓa kai tsaye, miji ko 'ya'ya, ki gaya masa a fili da adadi: rana kaza, awa kaza, ga abin da zai sauya, ga wanda zai ɗauki aikin. Mutane sun fi tsoron abin da ba su san iyakarsa ba. Sauran jama'a kuwa su jira sai abu ya kankama. Ko ba jima ko ba daɗe za a ce miki "kin canza." Kada ki harzuƙa, ki tambaya: "Me kika gani?" In amsar ita ce ba a samun ki a kowane lokaci kamar da, wannan kuɗin hanya ne, ki biya da sakin fuska. In kuwa an ce kin fara duban mutane a wulaƙance, ko kina saɓa alkawari, to ki tsaya ki saurara, domin an taɓo takardar nan taki.

Ranar cikar kwana 90 ki ɗauko takardar ki ajiye kusa da abin da kika yi. Shin kina tashi daga aikin da ƙarfi ko a wujijjige? Akwai wanda ya dawo neman ƙari ba tare da kin roƙe shi ba? Ya tilasta miki taka ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan? In biyun farko sun yi kyau, na ukun kuma babu, ki mayar da awa biyar ta zama goma. In ba haka ba, ki rubuta abin da kika koya a shafi ɗaya, ki huta mako biyu, sannan ki zaɓi gwaji na gaba.