Gyara tsarin bincike bayan kwamiti ya sa hannu: abin da aikin ɓeraye ya koya mini

Yawancin ayyukan da nake dubawa na ɗaliban digiri na biyu ne masu gwada tataccen ruwan ganye a kan fararen ɓeraye irin Wistar da aka sa wa ciwon suga. Kafin a sayo ɓera ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'a ya karanta tsarin aikin ya ba da lambar amincewa. Ɗalibi yakan ɗauka da ya karɓi wannan takarda ya gama da kwamiti, alhali abin da aka rubuta ne kaɗai aka amince da shi: irin dabbar, adadinta, maganin da yawansa, ɗakin da za a ajiye kejin, sunayen masu taɓa dabbobin, da yadda za a kashe su a ƙarshe. Ban taɓa ganin aikin da ya kai ƙarshe ba tare da ɗayan waɗannan ya motsa ba.

Adadi shi ne ya fi ba mu wahala, kuma tushen matsalar yana cikin maganin da ake sa ciwon da shi. Ana hana ɓera abinci dare ɗaya, a yi masa allurar alloxan a ciki, yawanci miligiram 150 ga kowane kilo na nauyinsa, sannan a auna suga bayan awa 72. Wanda sugansa ya kai miligiram 200 a kowane desilita na jini a na'urar awo shi ake ɗauka ya kamu. To amma alloxan yana fasa ƙwayoyin da ke yin insulin ne, kuma yayin da suke fashewa sukan zubar da insulin mai yawa lokaci guda. Sai suga ya faɗi ƙasa warwas a sa'o'in farko, wasu ɓerayen su mutu kafin gari ya waye. Shi ya sa ake ba su ruwan gulukos na kashi 5 cikin ɗari na awa 24. Wasu kuma ba sa kamuwa sam, musamman idan an jiƙa maganin an bar shi ya jima, domin yana lalacewa da sauri a cikin ruwa. Akwai ma waɗanda za su kamu, bayan mako ɗaya ko biyu sugansu ya sauko da kansa.

Ɗalibin da ya nemi ɓeraye 36, rukuni shida na shida-shida, bai bar wa wannan asara gurbi ba. Ranar awo sai ya ga rukunansa ba su cika ba. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya koma wurin mai kiwo ya sayo goma ya cike. Zai ce, "Malam, ai irin ɓeran ne, kuma irin allurar ce." Gaskiya ne, amma kwamiti ya amince da 36 ne, kuma kowane ɓeran da aka yi wa allura an ƙidaya shi, ko ya mutu a daren farko ko bai kamu ba. Yanzu tun a takardar farko nake sa a rubuta adadin da ake bukata, a ƙara na asara, a faɗi dalilin ƙarin. Idan duk da haka an gaza, sai a tsaya a rubuta takardar neman gyara.

Takardar da ke wucewa da sauri gajeriya ce. Muna sa lambar amincewa da ranarta a sama, mu kwafo jimlar da ke cikin tsarin na asali kalma da kalma, mu rubuta sabuwar jimlar a ƙarƙashinta, sannan dalili. Idan ƙarin dabbobi ne, muna ba da lissafi a fili: nawa aka yi wa allura, nawa suka mutu da kuma a wace rana, nawa ba su kamu ba, me za a canza don kada a maimaita. Wannan na ƙarshen shi kwamiti ya fi dubawa. Mai neman ƙarin ɓeraye goma ba tare da ya ce zai jiƙa maganin nan take ba, ko zai ba da ruwan gulukos ba, yana neman izinin sake kashe wasu ne ta hanya ɗaya, kuma daidai ne a mayar masa da takardarsa.

Ba kowane gyara ne ke da nauyi ɗaya ba. Rabe-raben da hukumar da ke sa ido kan dabbobin gwaji a Amurka ta fitar a 2014 ya taimaka mini wajen sanin inda zan tsaya, ko da yake dokarsu ba ta hau kanmu ba. A can, sauya nau'in dabba, sauya manufar bincike, sauya shugaban aikin, ƙara wa dabba zafi ko wahala, mayar da tiyatar da dabba ba za ta farka ba zuwa wadda za ta farka, da kai dabbobi wurin da kwamiti ba ya dubawa, duka sai kwamitin kansa ya duba. Sauya maganin sa barci, ko maganin rage zafi, ko yawan lokutan da ake maimaita wani aiki a jikin dabba, likitan dabbobi na iya tantancewa, muddin kwamiti ya riga ya rubuta ƙa'ida a kai. Gyaran kuskuren rubutu da sauya lambar waya aikin ofis ne. Kowane kwamiti da nasa tsarin, don haka tambayata ta farko ga sakatare ita ce: wannan gyaran, wa ke da ikon sa masa hannu, kuma yaushe ne zama na gaba?

Gyare-gyaren da suka fi kuɓuce mana su ne waɗanda ba su yi kama da gyara ba. An rubuta za a narkar da tataccen ganyen a ruwa, sai ya ƙi narkewa, ɗalibi ya zuba Tween 80 (sinadarin da ke taimaka wa abu ya gauraya da ruwa) ko man zaitun. Yanzu akwai sabon abu da ke shiga cikin ɓera, kuma rukunin da ake kwatantawa da shi dole ya sha wannan abin shi ma, in ba haka ba sakamakon ba shi da ma'ana. Ko kuma maganin ya yi kauri a ce a ƙara ruwa, a manta cewa abin da ake ɗura wa ɓera ta baki bai kamata ya wuce mililita 10 ga kilo ba, wato mililita 2 ga ɓera mai giram 200. Haka jini. Ɗigo ɗaya daga bakin jela don awon suga abu ne mai sauƙi. Amma idan aka ce a ƙara gwajin hanta a tsakiyar aiki, ana maganar jini mai yawa. Ɓera mai giram 200 jininsa gaba ɗaya bai wuce mililita 13 ba. Kashi 10 cikin ɗari, kimanin mililita 1.3, shi ne iyakar ɗiba ɗaya, kuma sai an ba shi mako biyu ya mayar. Wanda ya ɗebi haka duk mako zai sa wa dabbar ƙarancin jini, ya kuma rubuta abin da ya gani a matsayin aikin ganyensa.

Zafin bazara ma yana tilasta gyara. Ɓeran gwaji yana son ɗaki tsakanin digiri 20 zuwa 26, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40, ga ɗauke wuta. Ɓera mai ciwon suga yana shan ruwa sosai yana fitsari sosai. Da safe za ka tarar da dusar katakon kejin ta jiƙe sharkaf, kwalbar ruwa ta ƙare, gashinsa ya tashi, ya takure a lungu. Dole a sauya shimfiɗa kullum, a duba ruwa safe da yamma. Idan aka ga sai an kwashe kejin zuwa wani ɗaki mai sanyi, a kwashe, ran dabba ba ya jiran zaman kwamiti. Amma a kira likitan dabbobi a lokacin, a rubuta wa kwamiti a ranar, domin sabon ɗakin ba ya cikin wuraren da aka duba.

Inda ba na sassautawa shi ne hanyar kashewa. Idan tsari ya ce ketamin da zailazin (magungunan sa barci), sai aka nemi ketamin aka rasa, akwai mai cewa a jiƙa auduga da kulorofom a jefa cikin kwalba, haka aka saba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, waɗanda mujallu da yawa ke bi, ba su yarda da kulorofom ba. Guba ne ga hanta da ƙoda, gaɓoɓin da ɗalibin ke shirin aunawa, kuma yana cutar da mai shaƙarsa a ɗakin. Gara aiki ya jinkirta kwana uku a nemi izinin wata hanya karɓaɓɓiya. Haka nan iyakar wahala: muna rubuta cewa ɓeran da ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya kasa kai wa ga ruwa, za a cire shi a hutar da shi. Wannan ba ya aiki sai ana awon nauyi a kai a kai, ana kwatanta shi da na ranar farko. Na ga takardun awo cike da lambobi, ɓera ya sauko daga giram 200 zuwa 155, ba wanda ya yi lissafin ya ga an wuce iyaka.

Kwamiti ba ya ba da izinin abin da aka riga aka yi. Idan an kauce, hanya ɗaya ce: a dakatar da abin, a rubuta rahoton me ya faru, dabbobi nawa ya shafa, da matakin da aka ɗauka. Ɓoyewa ba ta daɗewa, domin mujalla za ta nemi lambar amincewa, ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwajin dabbobi da aka sabunta a 2020 kuma suna son a faɗi adadin dabbobin kowane rukuni da waɗanda aka cire da dalilin cirewa.

Saboda haka muke ajiye fayil ɗaya a ɗakin dabbobi, ba a ofis ba. A ciki akwai tsarin na asali, kowane gyara da ranarsa, da shafin ƙidaya da ake ragewa duk lokacin da aka ɗauki dabba. Kowane keji yana da kati mai lambar amincewa. Sabon ɗalibi ba ya riƙe sirinji sai sunansa ya shiga takarda kuma an ga ya iya aikin. Ranar ƙarewar izini muna rubuta ta a bangon fayil ɗin, mu nemi sabuntawa wata biyu kafin ta zo, domin yajin aiki ko jinkirin kuɗi kan cinye wa'adin ba a ankara ba.

Idan aiki ya ƙare, sau da yawa akan sami ragowar ɓeraye lafiyayyu da ba a taɓa ba, ga kuma wani ɗalibi yana jira. Ba shi su abu ne mai kyau, yana rage sayen wasu. Sai dai shi ma sai nasa tsarin ya sami amincewa, a cire su daga ƙidayarmu a shigar a tasa, a sauya katin keji, sannan mu aika wa kwamiti rahoton rufewa.