Yadda na ba wa Almandin baya a filin Flemington

Har yau idan aka ambaci dokin sukuwar nan Almandin sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi. Na je har filin, na biya kuɗin shiga, na tsaya a bakin shinge, amma ban ga zuwansa layin ƙarshe da idona ba.

A farkon Oktoban 2016 ne, ina karatu a Melbon ta ƙasar Ostareliya. Ni mutumin dawaki ne tun ina yaro, na sha ƙurar filin sukuwa na Kano, don haka da na ji za a yi tseren The Bart Cummings a filin sukuwa na Flemington na ce ba za ta wuce ni ba. Sunan mai horas da dawakin nan ne da ya ci Kofin Melbon, babban tseren dawakin ƙasar, sau 12, daga 1965 da doki Light Fingers zuwa 2008 da doki Viewed. Ya rasu a Agustan 2015, mutum-mutuminsa ma yana nan a filin. Abin da ya ba tseren daraja shi ne duk dokin da ya ci ya samu gurbi kai tsaye a Kofin Melbon, inda dawaki 24 kacal ake ɗauka.

Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Flinders Street ni da wani abokina Bazazzagi. Komai ya tafi daidai. Ciyawar kanta abin kallo ce, kore shar, an aske ta kamar darduma, kuma ƙarar kofato a kanta daban take da ta turɓayar gida, wani irin dim-dim ne da kake ji a ƙirjinka.

Yunwa ce ta jawo mini. Saura kamar minti goma a tashi, na ce masa, “Malam, bari in samo mana soyayyen dankali.” Ya ce, “Ka dai kula da agogo.” Na yi dariya, don a raina ai kafin a tattara dawaki a shigar da su akwatunan tashi an ci wani rabin awa. Can ba haka ake yi ba. Lokacin da aka buga a takarda shi ne lokacin, sai dai minti ɗaya ko biyu idan wani doki ya yi gardama.

Ina riƙe da dankali a hannu biyu na ji muryar mai sharhi ta canza. Na ruga, ina kutsawa tsakanin masu kwat da mata masu manyan huluna, na iso shinge daidai dawakin suna wuce layin ƙarshe. Mahaya a duƙe, ba mai ɗaga bulala, kowa ya ja linzami, jama'a kuma ba wani ihu. Na ce shi ke nan, an gama, birki suke ci. Haushi ya kama ni, na juya na koma bayan rumfar 'yan kallo don in ci dankalina in huce.

Ashe tashinsu ke nan.

Kewayen Flemington mita 2,312 ne, tseren kuma wajen mita 2,500. Ke nan ana tashi ne a miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban rumfa, a wuce layin ƙarshe karo na farko, a zagaye filin gaba ɗaya sannan a dawo. Jan linzamin da na gani kuwa tanadin ƙarfi ne, kowa na neman wuri kusa da shingen ciki kafin kwanar farko. Lissafin da ɗan firamare zai yi ne. Tsawon tseren yana rubuce a littafin da na saya da kuɗina, yana aljihun bayana, na zauna a kansa.

Bayan minti biyu sai rumfar ta ɗauki wata irin ƙara a saman kaina. Na ɗaga ido, ga ƙaramar talabijin a rataye saman tagar masu caca. Ni da ban taɓa sa ko sisi a kan doki ba, a nan na tsaya cikinsu na kalli Almandin yana cinyewa, dankali ya huce a hannuna.

Abokina bai yi mini da sauƙi ba. “Malam, kai da kake ba mu labarin dawaki kullum?” Ban ce uffan ba. Na tsaya na ga wani doki Hartnell ya ci Turnbull Stakes, babban tseren ranar, amma raina ba ya wurin.

Da abin ya tsaya nan da na manta. Ranar 1 ga Nuwamba, Talatar Kofin Melbon, ina ɗaki ina kallo, sai ga Almandin da Heartbreak City sun ɓalle daga sauran, wuya da wuya, har mahayin Almandin, Kerrin McEvoy, ya tura shi gaba da ɗan kai. Hartnell ya zo na uku. Dokin da na ba wa baya shi ya ɗauki kofin mita 3,200. Wayata ta yi ƙara, ban ma duba ba na san wane ne.

Duk wanda zai je irin wannan tseren, ya dubi tsawonsa, ya tambayi inda akwatunan tashi suke, ya ci abincinsa tun tsere biyu kafin nasa. Idan kuma ka ga dawaki sun wuce layi mahaya ba sa dukan komai, jama'a na ta hirarsu, kada ƙafarka ta motsa daga shingen nan. Na koma shekarar da ta biyo baya, na kama wuri tun da sauran rabin awa, da gurasata a cikin jaka. Tseren ya yi kyau, sai dai wani doki ne ya ci.