Yaren warung daban, yaren tesis daban

Duk wanda ya ce maka yaren Indunusiya ba wuya bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Ni na zo birnin Jogja, wato Yogyakarta, ne da tallafin karatu na KNB da gwamnatinsu ke ba ɗaliban ƙasashe masu tasowa, kuma tsarin shi ne sai ka fara zama ajin koyon yare tukun kafin ka shiga digiri na biyu. Kafin a ce me, ina ciniki a warung wato ƴan ƙananan shagunansu da gidajen abinci, ina hira da ƴan ojek wato ƴan acaɓansu, har matar da nake haya a gidanta tana ce min Mas ai ka zama ɗan gari. Yo ba dole ba, fi'ilinsu baya canzawa don jiya ko gobe, ba ruwansu da namiji ko mace a magana, ga Larabci birjik a ciki, dunia, ilmu, waktu, masalah, duk wanda ya yi islamiyya zai ji kamar ya san rabin yaren tun daga gida.

Toh rubutun jami'a kuma wata duniya ce. Makalah ɗin farko, wato rubutun aikin aji, da muka miƙa, malamarmu ta dawo mana da takardun sun sha jan biro, a gefen tawa ta rubuta "ini bahasa lisan, Mas", wai wannan maganar baki ce. Nggak (a'a) ba ta shiga takarda sai tidak, bikin (yi) sai ta koma membuat, gimana (yaya) ta koma bagaimana. Wannan ma mai sauƙi ne, hadda ce kawai. Inda gizo ke saƙar shi ne imbuhan, ƴan ɗafe-ɗafen da ake liƙa wa kalma gaba da baya, waɗanda a titi mutane ke yar da su abinsu amma a rubutu ko ɗaya ba a yafe maka. Ɗauki tulis, wato rubuta, kaɗai, daga cikinta za ka samu menulis, ditulis, penulis, tulisan, penulisan, kowacce da aikinta, kuma in kalma ta fara da k, p, t ko s harafin narkewa yake in me- ta hau kanta, shi ya sa kirim ke zama mengirim, pakai ta zama memakai. Sai kuma di, wadda in wuri take nunawa a rabe ake rubuta ta, di kampus, in kuma aiki aka yi wa abu a haɗe, dibaca. Wallahi har allunan shaguna a titi suna cakuɗa wannan.

Abin da malamar ta fi tsana shi ne jimla marar kai. Wata rana ta rubuta a allo "Dalam penelitian ini membahas...", wato "a cikin binciken nan yana tattauna...", ta ce mu nuna mata waye ke yin aikin a nan, duk muka yi tsit, don dalam ɗin nan ta haɗiye mai aikin. Ko dai ka cire ta ka ce penelitian ini membahas, ko ka bar ta ka juya fi'ilin ya koma dibahas, shi ke nan. Tun daga ranar duk jimlar da na rubuta sai na tsaya na nemo mata kai da ƙafa kafin in wuce. Haka sehingga (har ya sa) da sedangkan (alhali) ba sa buɗe jimla, a kalmomin "amma" kuwa namun ce ke buɗewa, tetapi kuma tsakiya take zama, sannan ba ka cewa saya, wato ni, a tesis, sai peneliti, wato mai bincike, ko ka ɓoye kanka gaba ɗaya.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne su ma ƴan ƙasar suna shan wannan jan biron. Da yawansu Jawanci suke yi a gida, yaren ƙasar kuma tun 1928 matasansu suka yi alƙawarin haɗuwa a kansa, kuma dokar ilimi mai zurfi ta 2012 ta sa darasin Bahasa Indonesia dole ga ɗaliban digirin farko, ko injiniya kake karanta ko likita. Ƙa'idar rubutun ma sun yi ta taɓa ta, EYD a 1972, PUEBI a 2015, aka sake dawowa EYD a 2022, don haka in ka ɗauko tsohon tesis a laburare kar ka kwafi komai ido rufe. Ƙamus ɗinsu KBBI yana waya, shi ne alƙali, shi zai ce maka analisis ne ba analisa ba, praktik ba praktek ba, ko da kuwa kowa a ajin praktek ɗin yake faɗa.

Wasu abokanmu suna rubutawa da Turanci su zuba a Google Translate, kuma malamai na ganewa tun layin farko, saboda di mana, wato "a ina", za ta cika shafin a wuraren da ba tambayar wuri ake ba. Ni abin da ya yi min aiki shi ne zama da latar belakang, wato shimfiɗar farko, na tesis masu kyau a fannina, in karanta da ƙarfi, in ga yadda suke tasowa daga faɗi su matse zuwa rumusan masalah, wato tambayar binciken, sai in rufe in gwada nawa kai tsaye da yaren. Na kuma yi musaya da wani ɗan ajinmu, ya duba min babi in duba masa abstrak ɗinsa na Turanci.

A ganina ajin koyon yare ya kamata ya rage lokacin abinci da batik da rawar gargajiya, ya fara sa mutane rubuta sakin layi na ilimi tun da wuri, don da shi za a tuhume ka ranar sidang, wato ranar kare tesis. Ko saƙon WhatsApp da za ka tura wa dosen, wato malamin jami'a, mai duba aikinka sai an koya, selamat pagi Bu, mohon maaf mengganggu waktunya, wato gaisuwa da neman afuwar ɗaukar lokacinsa, ka faɗi sunanka da lambarka ta ɗalibi sannan buƙata. Wannan kam Bahaushe bai sha wuya ba, mu da muka saba doguwar gaisuwa kafin a shiga magana.