Daɓen simintin da na fasa saboda kunkuru

Ni magini ne, kuma ranar da aka ba ni aikin gyara wa manyan kunkuru uku wurin zama a wani ƙaramin gidan namun daji, na ɗauka aikin kwana huɗu ne. Na zuba daɓen siminti mai santsi don shara ta yi sauƙi, na gina ɗan kwatami na ruwa a tsakiya, na kewaye da ragar waya don masu kallo su more. Kowa ya yaba, har ni.

Bazara na shigowa abin ya tonu. Kafin azahar simintin nan ya yi zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi, babban namijin kuma ya wuni yana tunkuɗar waya har ya kuje ƙafafunsa na gaba. Wani dattijo mai kawo harawa, mutumin wajen Damagaram, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin kunkuru a fili da tsakar rana?" Na ce a'a, Baba. Ya ce to a daji rami yake haƙawa a jigawa, mai zurfi, ya shige ya bar wa rana duniyarta, sai da sanyin safiya ko la'asar yake fitowa kiwo. Wannan irin namu na Sahel shi ne mafi girma cikin kunkurun da ba na tsibiri ba, kuma ƙafafun gaban nan nasa kamar fartanya suke. Ni kuwa na ba shi ƙasar da fartanya ba ta kamawa.

Muka fasa daɓen. Tifa biyu ta yashi gauraye da jar ƙasa muka zuba, muka tara tudu a gefe guda inda ruwan damina ba zai kwanta ba, don laima tana sa musu mura. Wayar ma na cire, domin kunkuru in yana hango waje ba ya daina nema. Na sa katangar bulo daidai ƙugu, na nitsa tushenta sosai kada ya haƙa ta ƙasa ya fice. Na jera duwatsu da kututture a tsakiya saboda mazan biyu su daina ganin juna kullum suna karo.

Likitan dabbobin wurin ya yi mini dariya, ya ce Carl Hagenbeck ya buɗe gidan namun daji marar sandunan ƙarfe a Hamburg ta Jamus tun 1907, ni ne dai na makara.

Mako biyu bayan haka babban ya fara tono a gindin tudun. Yanzu masu zuwa da rana suna ƙorafin sun biya kuɗi sun ga rami kawai, sai mai gadi ya ce musu su dawo bayan la'asar.