Murray Last da littattafan Waziri Junaidu

Duk lokacin da Farfesa Murray Last ya yi magana kan littafinsa na tarihin Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, da wuya ya gama bai ambaci mutum biyu ba: malaminsa Abdullahi Smith na Jami'ar Ibadan, da Wazirin Sakkwato Junaidu. Wannan hali nasa yana burge ni.

Smith ne ya nuna masa hanyar Sakkwato. Amma a wurin Waziri ya sami ainihin kayan aiki: wasiƙun sarakuna da wazirai, da rubuce-rubucen Larabci da zuriyar Giɗaɗo, kakan gidan Waziri, ta adana tun ƙarni na 19. Shi ya sa idan ka karanta littafin da kyau, za ka ga da idon gidan Waziri ake kallon daular. Labarin manomi da bawa kaɗan ne a ciki. Ni ban ga laifinsa ba, abin da takardun suka ba shi ke nan.

Daga baya ya tattara ya koma ƙauyen Maguzawa a yankin Malumfashi, yana nazarin yadda suke magani. Ɗalibaina na tarihi kan yi mamaki in na faɗa musu mutum ɗaya ne ya yi aikin biyun.