Abin da na koya a ƙarƙashin tsofaffin akori-kura

Tsohuwar akori-kura ba ta cika zama yadda kamfani ya ƙera ta ba. Hilux ɗin da ta shekara da shekaru tana jigilar dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, ko tana kwasar tumatir da kabeji a Farin Gada, da wuya ka same ta da injinta da giyabos ɗinta na asali a haɗe. An sauke injin fetur an ɗora na dizal, an sayo giyabos ɗan Beljiyam a kasuwar Dilimi ta Jos, wani bakanike ya yi dabararsa ya haɗa su. Takardun mota na faɗin abu ɗaya, cikinta na faɗin wani. Shi ya sa tun ina yaron gareji maigidana ya hana mu sayen kayan kuloci da sunan mota kawai.

Akwai ɗan farantin ƙarfe da Toyota ke mannawa a ɗakin inji ko jikin ƙofa, mai ɗauke da lambar inji da ta giya. A nan za ka ga irin su G52, W56 ko R150F, dukkansu ƙirar kamfanin Aisin, kuma harafin F ɗin nan na nufin mai jan ƙafa huɗu. Nissan ta zamanin tana da nata, FS5W71. Fijo 504 kuwa, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975, yawanci BA7 ce mai giya huɗu ko BA10. Sanin waɗannan sunaye na da amfani, amma farantin abin da motar ta fito da shi kawai yake gaya maka. Abin da ke jikinta yau sai ka shiga rami da tocila, ka kankare dattin, ka dubi fasalin tukunyar da ta rufe kuloci, ka ga inda kik ya zauna da gefen da cokalin kuloci ya leƙo.

Hujjar ƙarshe ita ce tsohon farantin kulocin da ka ciro. Ka auna faɗinsa, ka ƙirga haƙoran tsakiyarsa. Na injin 22R milimita 225 ne, haƙora 21. Yaron da za a aika Dilimi da tsohon a hannunsa yake tafiya, a ɗora shi kan sabon a gaban mai shago. In ya dawo, sai a zura sabon a sandar giyabos a ga yana zamewa ba cijewa, kafin a taɓa noti ko ɗaya.

Sai dai ba kowace mota da aka kawo da sunan kuloci ce ke bukatar a sauke mata giyabos ba, kuma a nan ake cin kuɗin mutane. Direba zai ce, "Oga, kuloci ya ƙare." Sai ka tambaye shi me take yi. In ya ce yana taka totur inji na ihu amma mota ba ta ja, musamman da lodi a hawa, ga warin ƙauri, to faranti ne ya cinye. Gwajin ba wuya: ja birkin hannu, sa giya ta huɗu, saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. Amma in kukansa giya ba ta shiga, ribas na gurza, feda ta yi laushi, fara duba kulocin sama da na ƙasa, wato famfunan mai biyu da ke kai ƙarfin feda zuwa kuloci. Sau da yawa robar ciki ce ta mutu, mai ya zube ko iska ta shiga, aikin da bai kai rabin yini ba. Ƙara ma tana da bayani. Wadda ke tasowa idan an taka feda ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ake ji mota na furi ta kuma ɗauke da zarar an taka, daga cikin giyabos take, sabon kuloci ba zai yi maganinta ba.

Saukewar kanta aikin ƙarfi ne da natsuwa. A cire kan batir, a yi wa farfela, sandar da ke kai juyin giyabos zuwa tayoyi, alama da alli don ta koma yadda take, a tokare inji. Mai jan ƙafa huɗu tana da nauyin gaske, kuma ba a tsakiya nauyin yake ba, don haka ba a amince wa jak shi kaɗai.

Idan kuloci ya bayyana, nakan ɗan tsaya in dube shi, domin yana ba da labarin direban. Fulawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa, mai tabo shuɗi-shuɗi da ƙananan tsagu na mutumin da ke riƙe mota da rabin kuloci ne a hawa, irin masu tahowa ta Hawan Kibo da lodin da ya fi ƙarfinsu. Yatsun faranti mai matsewa da suka suɗe a baki na wanda ke ajiye ƙafa a kan feda ne. In farantin ya jiƙe da baƙin mai, sil ɗin bayan inji ne ke yoyo, kuma wanda ya ɗaura sabo bai canja sil ba, motar za ta dawo masa ba da daɗewa ba. Littafin Toyota ya ce in abin da ya rage a saman ribiti bai kai milimita 0.3 ba a canja, amma waɗanda ke zuwa mana galibi ribitin ya riga ya fara cin ƙarfe. Baƙar ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iska; tsofaffin faranti da yawa suna da asbesto, mai lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Inda muke yawan ja-in-ja da masu mota shi ne batun saye. Alhaji zai ce a canja faranti kawai, sauran ai da sauransu. Nakan ce, "Alhaji, kuɗin saukewa ɗaya ne. Boris ɗin nan in ya yi kuka wata mai zuwa, sai an sake sauke komai." Ni a ganina faranti, da mai matse shi, da boris, da ɗan ƙaramin boris ɗin tsakiyar fulawil tare suke tafiya. Wanda aljihunsa bai kai ba ina yi masa uzuri, amma sai ya ji gaskiya tukuna.

Wajen ɗaurawa, farantin yana da fuska. Akan rubuta gefen da ke kallon fulawil. Muna ajiye guntun tsohuwar sandar giyabos don daidaita shi a tsakiya, sannan a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan gefe da wancan. Giris a haƙora ɗan shafawa ne, in ya yi yawa zai fantsama kan faranti. Giyabos kuma in ya ƙi zama, a juya shi, a lallaɓa shi har ya shige da kansa. Mai jawo shi da noti zai lanƙwasa sabon faranti ko ya fasa tukunya.

Saura mai. A fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da tsohon sannan a tarar na sama ya cije. Hilux man giya take sha, irin su 80W-90, amma tsohuwar Fijo man inji kamfaninta ya ce a zuba mata a giyabos, abin da yaran yanzu da suka taso cikin Toyota ke mamaki. Daga nan a fitar da iska daga layin man kuloci, a bar wa feda ɗan wasa a sama, a ɗauki direban a nemi hawa a gwada ta, shi a sitiyari, ni ina gefe ina kallon ƙafarsa ta hagu.