Kuskuren da na rubuta a allo game da laimar shawagi

Na daɗe ina koyar da fizik a wata lise a nan Damagaram, kuma duk shekara idan muka iso babin haɗa gudun abu da gudun abin da ke ɗauke da shi, misalin kwalekwale a kogi nake bayarwa, alhali yawancin ɗalibaina ba su taɓa tsayawa bakin kogi ba. Bara na canja misali, na kawo laimar shawagi, wadda Faransawa ke kira parapente, irin wadda aka fara tashi da ita daga gangaren dutse a Mieussy, wani ƙauye a Faransa, cikin 1978. Ba ta da inji: matuƙi yana rataye a ƙarƙashinta, tana tafiya gaba tana kuma sauka a hankali.

Lissafin farko bai ba kowa wahala ba. Mun ɗauki laimar da ke gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, tana sauka mita 1.1 a sakan, don haka duk mita ɗaya da ta rasa a tsayi tana cin kusan mita 9 a gaba. Wanda ya tashi daga tsayin mita 500 zai kai kilomita 4.5 idan iska a kwance take. Daga nan na rubuta a allo cewa mai son zuwa nesa sai ya ja birki ya rage saurin saukarsa. Wata ɗaliba da ke zuwa a keke ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, da safe a hunturu idan iska tana gabana, in na sassauta taka feda ai wuri ɗaya nake tsayawa." Na ce mata keke daban, laima daban, amma maganar ta bi ni har gida.

Da dare na sake lissafin, na ga cewa na gwamutsa abubuwa biyu. Gudun da laima ta fi jinkirin sauka da shi yana sa mutum ya daɗe a sama, gudun da ya fi kai shi nesa kuwa ya ɗara wancan, kuma iska tana canja shi. Idan iskar gaba tana mita 7 a sakan, matuƙin nan mita 3 kawai yake ci a ƙasa, saukarsa kuma ba ta ragu ba, sai mita 9 ɗin nan su koma ƙasa da 3. Idan ya taka sandar ƙara gudu ya kai mita 14 a sakan, saukarsa za ta iya kaiwa mita 2, abin da a ido yake kama da asara, amma yanzu mita 7 yake ci, wato mita 3.5 a gaba a kowace mita ɗaya da ya sauka. Haka ma idan ya shiga iskar da ke gangarowa ƙasa, gara ya ratsa ta da sauri. Sai iska tana bayansa, ko tana ɗaga shi, sassautawa ke da riba. Wannan ka'ida ce da Paul MacCready, Ba'amurken da ya ci gasar duniya ta jiragen shawagi a 1956, ya shahara da ita.

Abin yana da iyaka ta kowane gefe, kuma na ga wajibi ne in faɗa wa yara haka. Birki in ya yi yawa, laima ta daina ɗaukar mutum. Gudu in ya yi yawa cikin iska mai hargitsi, irin ta bazararmu mai guguwa, bakin laimar yana iya naɗewa.

Washegari na goge jimlar a gaban aji, na faɗi sunan wadda ta gyara ni, muka sake lissafin tare. Aikin gida da na ba su shi ne su tsaya da hantsi su kalli shirwa a saman duwatsun Birni, su rubuta mini lokacin da take buɗe fikafikai tana kewayawa cikin iska mai tashi, da lokacin da take ɗan tattare su ta miƙe ta ratsa zuwa wani wuri.